Kaset ɗin da ya tafi Sudan

Shekara uku na yi ina girki a jirgin ruwan dakon kaya. Wata tafiya injinmu ya lalace, muka yi mako biyu a wani tsohon garin bakin teku a ƙasar Ailan. Garin bai kai unguwarmu ta Ruwais a Jidda girma ba, amma kowane dutse da labarinsa. Wani tsoho mai ɗinkin koma ya zaga da ni ganuwarsu, ya nuna mini ƙofar da mahara suka ƙona, da matakalar da mutanensu suka bi suka shiga jirgi zamanin yunwa. Sai ya tambaye ni wa ya gina garinmu. Na ga Suwez, na ga Bombay, harshe huɗu a bakina, amma ban san wanda ya gina Jidda ba.

Da na dawo Jidda na sayi rikoda. Cikin mutanenmu da suka fasa dutsen teku aka gina gidajen tsohon gari, mutum ɗaya ya rage a Ruwais, abokin mahaifina, wanda ya zo daga Sudan tun ganuwar Jidda tana tsaye. Ya tsufa ƙwarai, tari ya kama shi.

Na ajiye rikoda a gabansa na ce, "Baba, ba ni labarin fasa dutse."

"Wannan abin da ake aika magana gida da shi ne?"

"Shi ne, amma yau tarihi muke so."

Ya gyara zama, ya yi sallama, ya fara gaida ƙanwarsa da ke Madani, can Sudan. Ya gaida mijinta, da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, da limami, da maƙwabta, har da wani mahauci da ba shi da tabbacin yana raye.

"Baba, dutsen fa?"

"Kai, ya waladi, ana gaisuwa kana maganar dutse? Haka Turawa suka koya maka? Yalla, maza juya kaset ɗin!"

Na juya. Ɗaya gefen ma ya tafi a gaisuwa. Ya karɓi kaset ɗin ya ba wani alhaji mai komawa.

Da na zo da sabo ya ce, "Halas, na faɗi abin da ke raina. Dutse kuwa, ga shi can a bango, je ka gani."

Bai kai azumi ba. Bayan rasuwarsa amsa ta iso daga Madani. Na saurara har ƙarshe, ko wani zai ambaci aikin da ya yi. Gaisuwa ce gefe biyu, har da ni, mai rikoda.