Kifin da Aka Ci a Bayan Idona

Shekara goma sha ɗaya da aurena, ban taɓa ganin mijina ya kai loma baki a gaban mahaifina ba. Shi ma Baba bai taɓa ci a gabansa ba. In mun je unguwar Sparkhill a Birmingham gaishe shi, maigidan zai durƙusa daga bakin ƙofar falo, su gaisa kowa yana kallon kafet, sannan ya ce bari ya je ya duba mota. Motar nan ta sha dubawa. Ni da yara mu ci tuwonmu mu ƙoshi, shi yana can Stratford Road yana cin samosa a tsaye. Abin bai taɓa damuna ba, har alfahari nake yi, don a ƙasar da yaro ke kiran sunan surukinsa gatsal, nawa mijin ya riƙe kunyarsa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Mijina injiniyan hanyoyi ne a council, wato hukumar gari, aka haɗe sashensu da wani, kujerarsa ta bi ruwa. Ya sami wani aikin a Manchester, muka kwashe daga Perry Barr muka koma kusa da Rusholme. Ni likita ce, nawa aikin bai yi wuyar samu ba. Muka bar Baba shi kaɗai a hawa na biyu, da ciwon suga da gwiwar da ba ta son sanyi, ga Mama ta rasu shekara uku kafin nan. Cibiyar da tsofaffin unguwa ke wuni, inda yake samun abincin rana da abokan musu, aka rufe ta. Mai jinyar da ke leƙa shi kullum ta koma zuwa sau biyu a mako. Ranar da maƙwabcinsa ya buga mini waya ya ce ya tarar da shi zaune a matakala, jiri ya hana shi ƙarasa hawa, a ranar na yanke hukunci cewa Baba zai dawo gidanmu da zama.

Wata uku ina fama da shi. Na nuna masa sakamakon gwajin jininsa, na nuna masa hoton ɗakin ƙasa da na gyara masa, na lissafa masa abin da ke faruwa da tsohon da ya faɗi ba kowa a kusa. Sai ya saurare ni tsaf, ya ce Allah ya yi miki albarka, Uwata, ya kawo wani zancen. Sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma ni ce ta fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. Ranar da na matsa masa lamba sosai ne ya ba ni amsa.

"Namiji ba ya tarewa a gidan suruki. In na zo, shi sai ya koma cin abinci a mota ke nan har in mutu?"

Ni kuwa na ce na gano cutar. Duk wanda ya san ni ya san ba na ɗaukar abu in ajiye a rabi. In dai cin abinci ne matsalar, to sai sun ci. Sau ɗaya tak nake so hannunsu ya haɗu a kwano, sauran mai sauƙi ne.

A gida ba zai yiwu ba, kowannensu ya san hanyar zillewa. Wilmslow Road kuwa, layin gidajen abincin unguwarmu, ba wurin sirri ba ne. Kafin a kawo maka ruwa wani ɗan Kano ya leƙo ya gaishe ka, kafin ka koma gida labari ya isa Birmingham cewa an ga Alhaji da surukinsa suna yagar kaza. Ga shi duk teburansu fuska da fuska ake zama. Sai na tuna wani ɗan wurin Japanawa a tsakiyar gari da abokan aikina suka taɓa jana, irin wanda suke kira izakaya. Ma'aikata ne ke tsayawa can bayan an tashi, su sha abin shansu, ana kawo musu abinci kaɗan-kaɗan a ƙananan faranti kowa yana sa hannu. Abin da ya ja hankalina wata doguwar kantar katako ce da ake jeruwa a gabanta kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon mai gashi da garwashinsa. Ba mai kallon bakin wani, kuma ba Bahaushen da zai bi ta ƙofar.

Na shirya komai daki-daki. Na buga waya na ce ba ma cin namansu, kifi kawai da kayan lambu, a gasa da gishiri, kada a shafa musu miyar nan mai zaƙi don ana zuba mata giyar shinkafa. Na kama kujera uku a ƙarshen kanta, ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin buɗewa, kafin mashaya su cika wurin. Yara na kai su gidan maƙwabciyarmu 'yar Kumasi. Baba kuwa tun safe na ɗauko shi ranar wata Asabar, da sunan ya zo ya ga ɗakin da idonsa in mai da shi a ranar. Na hana shi azumin nafilar da yake fakewa da shi duk lokacin da zai zo gidana, na tsaya a kansa ya sha maganinsa na yamma. Na san dole ya ci wani abu ba da jimawa ba, shi ma ya sani. Na dai zuba alawa a jaka don ko-ta-kwana. A lokacin ban ji nauyin wannan dabarar ba, sai yanzu nake ɗan ji.

Mijina bai san inda za mu ba sai da muka tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi jar fitilar takarda da ke rataye, ya dubi guntun labulen da sai ka sunkuya za ka wuce, sannan ya dube ni. Na ɗauke kai.

Muna shiga, mai gashin da matar da ke kai abinci suka haɗa baki suka yi mana wata gaisuwa da ƙarfi da harshensu. Baba ya tsaya cak, ya amsa musu sallama, don bai san me kuma zai ce ba. Sannan idonsa ya sauka a kan kwalaben da aka jera a bango.

"Uwata, mashaya kika kawo ni?"

"Kifi na kawo ka ka ci, Baba. Shayi za mu sha."

Ya hau kujera. Na zauna a tsakiya, shi a damana, mijina a hagu ya ɗosana mazaunai a gefen kujera kamar mai jiran a kira shi a asibiti. Aka miƙo mana ƙananan tawul masu zafi, Baba ya goge hannu har gwiwar hannu, ya ce mutanen nan suna da tsabta. Koren shayin kuwa ya kurɓa ya ce ruwan ganye ne kawai. Mai gashin dattijo ne, da ƙyalle ɗaure a goshi, yana fifita garwashi da mafici yana juya tsinke. Baba ya daɗe yana kallonsa, can ya ce mutumin nan ya san wuta, ba ya barin harshenta ya taɓa abin da yake gasawa. Da iska ya yi maganar. Mijina ya ce haka ne, Baba, yana kallon butar shayi. Na ce a raina an fara.

Aka kawo waken suya a cikin kwansonsa da gishiri, aka kawo awara mai laushi, da gasasshen yalo, da albasa da koren tattasai a tsinke kamar tsire, da dunƙulen shinkafa da aka gasa har bayanta ya yi ƙanzo. Daga ƙarshe aka ajiye mana kifin nan da muke kira taitas, an tsaga shi biyu, fatarsa tana ta tsartuwa da mai. Na yi bismillah da ƙarfi yadda kowa zai ji, na fara ci.

Ni kaɗai nake ci. Baba yana juya ƙoƙon shayinsa a hannu. Mijina ya ɗauki takardar abinci yana nazari kamar ya taɓa karanta Japananci. Na taka masa ƙafa, na matsa kusa da kunnensa na ce please, ko loma ɗaya ce, yau kaɗai. Ya ce ya ƙoshi, mutumin da tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba. Na juya wajen Baba.

"Ka sha tablet ɗinka fa. Sugar ɗinka zai yi dropping."

"Ina sane, likita."

In ya kira ni likita, to na wuce gona da iri ke nan.

Muka kwashe kusan minti arba'in a haka. Kifin ya huce. Sau biyu matar tana zuwa tambaya ko akwai abin da bai yi mana ba, ina ce mata komai lafiya. Mutane suka fara shigowa bibbiyu, ana ta yi musu wannan gaisuwar. Don haushi na cinye awarar duka da rabin shinkafar, ba don ina jin daɗinsu ba. Raina ya ɓaci matuƙa, na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara. Manyan mutane biyu, ɗaya ya yi shekara talatin yana duba littattafan kamfanoni, ɗaya yana zana gadoji, amma kifi ya gagare su. Sai na tuna lokacin fakin ɗin motata ya kusa ƙarewa. Na zaro alawar na dangwarar a gaban Baba, na ce wa mijina in ya faɗi ya kira ambulance, na fice.

Motar tana layi na uku. Na ƙara mata lokaci, na tsaya a jikinta ina huci, sannan na dawo a hankali ina shirya maganar da zan faɗa musu. Kafin in ɗaga labule sai idona ya faɗa ta taga.

Mijina ya dawo kujerata. Baba ya naɗe hannun riga, ya ture tsinkunan cin abincin nan biyu gefe, yana ɓare kifin da yatsu yana zare ƙaya. Ya tura rabi gaban mijina. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana ci, yana magana, Baba yana gyaɗa kai yana tauna. Ga wani sabon farantin kifi yana tururi a gabansu, wanda ba ni na sa a kawo ba.

Ashe ni ce ƙarfen ƙafar. Kunyar da ke tsakaninsu a kaina take, ni kuwa na je na dasa kaina a tsakiya ina ƙirga musu loma. Na ji haushi, sai kuma dariya ta kama ni ni kaɗai a bakin titi. Na tsallaka na tsaya a rumfar jiran bas, ana ɗan yayyafi. Bas uku suka tsaya suka buɗe mini ƙofa ina girgiza kai. Sai da na ba su minti ashirin cur.

Da na koma, kowa yana kujerarsa, hannu a kan gwiwa, faranti wayam sai ƙaya. Baba ya ce kifin nan ba laifi. Mijina ya ce fakin ɗin da nisa ne hala. Mai gashin ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da fifita wutarsa. Ban ce na gan su ba.

Na sauke mijina a gida, na ɗauki hanyar Birmingham da Baba, rana ba ta faɗi ba don lokacin zafi ne. Na yi alkawari a raina ba zan tambaye shi abin da suka tattauna ba. Alkawarin bai kai Stoke da ke rabin hanya ba. Ya ce maganar maza ce, ya lumshe ido, na ɗauka barci ya yi. Can sai ya fara magana idonsa a rufe. Ya ce mijina ya gaya masa tun yana jami'a mahaifinsa ya rasu. Ya ce ranar da aka ba shi takardar sallama daga aiki ya zauna a mota ya rasa wanda zai kira ya ba shi baki. Ya ce yara in an gaishe su da Hausa da Turanci suke amsawa, kuma in mun yi faɗa ba wanda zai ce mana ku bari.

Na ce mu ba ma wani faɗa. Baba ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, na mai da hankalina kan titi.

"Wata uku kina gaya mini na tsufa, ba zan iya zama ni kaɗai ba. Na sani. Ai ni ke hawa benen nan, ba ke ba. Shi bai ce mini haka ba. Cewa ya yi babu babba a gidansa, ya roƙe ni in taimake shi."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Duk abin da na faɗa masa cikin watannin nan daidai ne, ko yau aka tambaye ni shi zan maimaita, amma ban taɓa ce masa ina bukatarsa ba, alhali kuwa ina bukatarsa. Na so in faɗa a lokacin, na kasa. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ci gaba da tuƙi.

Muka shigo Stratford Road ana shirin magariba, masu shaguna suna shigar da kayan miya. Wani tsoho da sanda ya hango shi ta gilashi ya ɗaga masa hannu, Baba ya ɗaga masa. Ya bi shi da kallo har muka sha kwana. Na tsaya a ƙofar gidan, na kashe mota, bai buɗe ƙofa ba.

"Ki yi booking ɗin van mai kwasar kaya ranar Asabar mai zuwa, Uwata," in ji shi. "Ki bar mini Juma'a. Ina so in yi sallama da mutane a masallaci."