Kwandunan da Aka Kai wa Zalia Gida

Na fara jin sunan Zalia ne ranar da igiyar takalmina na makaranta ta tsinke, ina firamare. Kakata ta ce a kai wa Zalia Baduku a bakin babbar gota, wato kwatar unguwa, ita ce ba ta ha'inci a ɗinki. Mmata, wato mahaifiyata Rashidatu, tana tankaɗen garin masara, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Duk faɗin Nima an rasa shumeka sai ita?"

Kakata ta ce, "Ke da ita ku ƙarata. Yarinya dai ba za ta je makaranta ƙafa tsirara ba."

Na tarar da Zalia ƙarƙashin wata tsohuwar laima, mace siririya, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta ɗaura bakin fata a babban yatsanta tana ja. Kafin in shiga inuwar laimar ta ɗaga min hannu. "Tsaya nan. Jefo takalmin." A cikin rana na tsaya har ta gama, ta jefo min abina. Duk yaran unguwa haka take mana, muka yanke cewa ba ta son yara. Sai da na girma na haɗa labarinta, wani daga kakata, wani daga Mmata in ranta ya yi sanyi, wani daga bakin ita Zalia.

Mahaifinta, Tijani, baduku ne ɗan baduku. Kakansa ne ya biyo fataken goro daga Kano, ya yada zango a Akara bai koma ba. Rumfar Tijani tana Zongo Lane, inda yake ɗinka kuben wuƙa da jakunkuna da matasan kai na fata. 'Ya'yansa maza biyu babu wanda ya zauna: ɗaya ya zama yaron motar haya ta trotro, ɗaya ya bi hanyar Libiya aka daina jin labarinsa. Zalia ce ke kai masa abincin rana. Aikin fata kuwa yana son hannu na uku, domin in an jiƙa ta sai an ja ta ta miƙe kafin basilla ta shiga. Sai ya ce, "Riƙe min nan." Ta riƙe. Daga riƙewa ta koyi goga wa zare kakin zuma, daga nan ta koyi huda, har ranar da ya miƙa mata basillar ya koma shi ne mai riƙewa. Mutanen Zango ba su damu da bambanta mace da namiji a magana ba, suka ce mata Zalia Baduku, sunan ya bi ta.

Ta yi aure a Maamobi da Sulemana, direban tasi, mutum marar hayaniya. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure a Kumasi. Shekaru Zalia tana gyaran takalma a ƙofar gida, har wani kamfani ya buɗe a wani gida a Kanda. Suna sayo kwandunan Bolga daga arewa, a Akara a naɗe musu mariƙi da fata, a aika ƙasashen Turawa. Suna da wani tambari da ake liƙa wa kowane kwando, wanda yake shaida wa mai saye a can cewa an biya masu aikin da kyau, kuma babu hannun yaro a cikin aikin. Cinikin adalci ake ce masa. Saboda tambarin nan ake sayen kwandunan da daraja.

Ba za a yi musu ƙarya ba, wurin yana da kyau. Akwai fanka, akwai haske, akwai hutun sallah, ana biya a kan lokaci. Kowane tebur da ƙarfen matsewa, wanda ke riƙe fata ba sai an nemi mutum ba. Dokokinsu manya guda biyu ne: yaro ba ya shiga ɗakin aiki, aiki kuma ba ya fita zuwa gida, tunda a gida babu wanda zai san hannun da ya taɓa shi. Manajan, Abdulmajeed, ɗan Kawukudi ne, da Hausa yake karanta musu dokokin duk farkon wata har sun haddace suna riga shi faɗa.

Zalia ce ta koya wa sauran matan aikin, har da Mmata, wadda ita ta kai ta wurin da hannunta. Ɗinkinta na zare biyu ne, yana tafiya kamar ƙashin bayan kifi, kuma duk kwandon da ya fi girma ko tsada tebur ɗinta ake kai shi. Hotonta aka sa a jikin 'yar takardar da ake rataya wa kwandunan, tana dariya, basilla a hannu. Abokan Sulemana a tashar tasi suka samu abin tsokana. "Mijin Madam, yaushe za a kai ka Jamus?" Shi kuma ya ce, "In ta tafi ni zan riƙe mata jaka." Ya liƙa ɗaya daga takardun a gaban motarsa.

Ana gab da lokacin babban odan ƙarshen shekara, Sulemana ya faɗi a tasha, hawan jini. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Zalia ta shiga takaba. Yayar mijin, Adiza, ta taso daga Ashaiman da jikarta Zuera, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin, ta karɓe wayar Zalia ta sa a ƙasan jakarta, domin a gidansu mai takaba ba ta magana da maza. Bayan addu'ar bakwai Zalia ta aika a tambayo mata limamin unguwa ko za ta iya zuwa wurin aiki. Ya ce da rana, don neman abinci, babu laifi, ta dai dawo ta kwana a ɗakinta.

Adiza ta ce, "Malam ya faɗi na littafi. Amma uwarmu ta yi takaba, ni na yi, babu wadda ta leƙa ko bakin titi. Ƙanena ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ke kwando ne a ranki?"

"Yaya, ba kwando ba ne. In ban je ba wata za a ba teburina."

"A ba ta. Da hoton ma ai kin gama yawo a duniya."

Duk da haka ta gwada sau ɗaya. Ta yafa mayafin takabar ta fito da safe. Mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta bakin lungu, wadda kullum suke gaisawa, ta bi ta da ido kawai. Matan da ke layin famfo suka yi shiru gaba ɗaya. Da ta kai gadar katako ta kan gota, wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Allah sarki Sulemana." Zalia ta tsaya a kan gadar, ta juya, ta koma gida.

Abdulmajeed ya zo gaisuwar arba'in. Ta bayan labule ta yi masa magana, Adiza na zaune. Ta ce ya kawo mata aikin gida. Ya ce, "Anti, kin fi ni sanin dokar." Ta ce ta sani. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa yin sati hannunta bai taɓa fata ba, yanzu zaune take tana kallon takalman Sulemana a bakin ƙofa, in ta ƙara wata guda a haka ba ta san me zai same ta ba. Shi ma yana cikin tasa damuwar, domin manyan kwandunan sun taru, babu mai ɗinkin da masu saye suka saba gani. Ya tashi ya tafi. Bayan kwana kaɗan tasi ta tsaya a bakin lungu, aka shigo da kwanduna a cikin buhunan shinkafa. Adiza ba ta hana ba. Ta ce indai a cikin gida ne, ta yi ta yi.

Kwanakin nan Zalia ta fara cin abinci. Tana zama a barandar ɗakinta bayan hantsi, kwanon ruwa a gefe, fata a jiƙe. Ƙarfen matsewa dai yana Kanda. Zuera, 'yar shekara bakwai ko takwas, ba ta da abin yi sai zama kusa da ita tana kallo. Zalia ta ce, "Riƙe min nan." Ko a ranta ba ta kawo cewa wani abu ta yi ba. Haka ake cewa yaro ya miƙo ludayi.

A makon nan ne mai binciken tambarin ta iso Kanda ba sanarwa, kamar yadda aikinta yake. Baturiya ce dattijuwa. Ta zagaya ɗakin aikin ta ga komai daidai, sai ta tambaya ina matar da ke cikin hoton. Aka ce mijinta ya rasu. Ta ce ita ma bara ta binne nata, ba za ta bar Ghana ba sai ta je ta yi mata ta'aziyya. Abdulmajeed ya ce al'ada ba ta bari a ga mai takaba. Ɗaya daga matan, da zuciya ɗaya, ta ce maza ne ba sa gani, mace tana shiga. Ya fita waje ya yi ta kiran wayar Zalia. Wayar tana ƙasan jakar Adiza, a kashe.

Baturiyar ta ari mayafi, ta cire takalmi a bakin baranda. A hanya ta sa an koya mata ta ce "Allah ya ji ƙansa", ta kuma faɗa, a karkace amma an gane. Zalia na zaune da babban kwando a cinya, sauran a jere jikin bango, Zuera ta kama bakin fatar da hannu biyu tana cije leɓe don ƙoƙari. Babu wanda ya ce wa yarinyar ta saki. Baturiyar ta zauna a tabarma, ta sha ruwan da aka ba ta, ta riƙe hannun Zalia, har ta yi hawaye. Ta tambayi Zuera sunanta da ko tana zuwa makaranta. Adiza ta amsa da fara'a cewa an ɗauke ta daga makaranta ne zuwa ƙarshen takaba, tana taya Zalia aiki, yarinya ce mai hankali. Abdulmajeed, daga tsakar gida, ya fassara. Zalia ta ce min a muryarsa ta gane abu ya lalace.

Matar ta rubuta abin da ta gani, ba ta ƙara komai ba. Aka dakatar da tambarin kamfanin har sai an sake bincike. Odan ƙarshen shekara ya tafi wata ƙasa. Aka sallami Abdulmajeed. Matan aka ce su zauna gida tukuna, kuma da aka sake buɗewa bayan wata biyu rabinsu kawai aka kira. Mmata ba ta ciki. Tana da cikin na biyu a ƙannena a lokacin, ta koma sayar da koko da ƙosai, kuma har yau a kansa take.

Ranar da Zalia ta fita takaba, ta yi wanka, ta sa sabon zani, ta taka har Kanda. Sabuwar manajar ta karɓe ta da mutunci, ta ba ta kujera, ta ce, "Maame, kafra," wato ta yi haƙuri. Ta ce sharaɗin mayar musu da tambarin shi ne wadda aka samu da laifin ba za ta dawo ba. Ta taga Zalia ta hango teburinta, wata yarinya da ita ta koya wa riƙon basilla tana zaune a kai tana ɗinkin ƙashin kifi. Ta tambaya ko za a ba ta basillar mahaifinta da ta bari a aljihun tebur. Aka ɗauko mata.

Daga can gidanmu ta nufa. Mmata tana wanki, ta bar ta a tsaye. Zalia ta ce ta zo neman gafara. Mmata ta ce, "Ke ce kika kai ni, ke ce kika fitar da ni. Mun yi daidai." Kakata ta ce tun daga ranar ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba, ko a suna ko a makoki.

Ta kafa laimarta a bakin gota, ta koma gyaran takalma da jakunkunan 'yan makaranta. Ta koyi ɗaura fata a yatsan ƙafa. Da shekaru suka ja, gwiwar ta fara ƙin miƙewa, aikin da take yi kafin azahar ya koma na yini guda. Ban taɓa jin ta zagi Baturiyar ba. Ta ce matar ta zo mata gaisuwa, wasu da suka ci abinci a ɗakinta ba su zo ba. Kan dokar ma cewa take akwai wuraren da ake kashe yara da aiki, ta sani, don su aka yi ta. Sai ta ƙara da cewa, "Amma da an yi ta zamanin Baba, da ban iya komai ba."

Shekarar da na gama sakandare na kai mata jakata da hannunta ya ɓalle. Na tsaya a rana kamar yadda na saba. Ta yi ta fama ta kai fatar yatsan ƙafarta, gwiwar ta ƙi. Ta gwada da haƙori, ta suɓuce. Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"'Yar Rashidatu, shekarunki nawa yanzu?"

Na ce sha tara.

"Kin tabbata? Ba ƙara shekarun kika yi ba?"

Na ce na tabbata, har katin zaɓe na yi.

Ta waiwaya hagu da dama, ta matsa gefe a kan bencinta.

"To shigo inuwa. Riƙe min nan."