Yaya Sule da Gidajen Tautau

Duk wanda ya san Yaya Sule ya san ba ya gaisawa da kowa sai ya leƙa bayan ƙofa. Zai yi sallama, a amsa, a shimfiɗa tabarma, shi kuwa yana can ya ƙura wa bango ido: "Kai kuma ɗan wane gida ne?" Da tautau fa yake, wannan shimfiɗaɗɗen da ba ya saƙa, mai gudu a karkace yana farautar kyankyasai. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, amma wallahi tautau ya fi ni samun gaisuwa.

Fataucin bandar kifi yake yi a kan jaki tsakanin Gashuwa da Nguru, a nan ya raba tautau gida uku. 'Yan fadama, baƙaƙe masu dogayen ƙafafu, daga Gashuwa zuwa Dagona. 'Yan yashi, farare fat, sai Machina. 'Yan zaure, masu zane a ƙafa, na Nguru. Yana da wata jemammiyar fatar akuya da ya zana garuruwan a kanta, duk inda ya ga ɗaya sai ya ɗiga tawada a wurin. A Karasuwa, tsakanin Nguru da Gashuwa, ya ja layi, ya ce ranar da aka ga ɗan zaure ya ƙetare shi, a kira shi mahaukaci, zai amsa. Shekara ashirin wannan layin ne mutuncinsa.

In ya baje fatar da la'asar, muryarsa takan yi ƙasa-ƙasa, ya ce mini: "Dubi nan, Hauwa. In ruwa ya malale fadama, haurawa suke yi kan ciyayi, kowa da danginsa, suna lilo har rana ta faɗi." Sai ki ga idonsa ya tafi can, ya bar mana gangar jiki.

Ana gobe sunan ɗana na fari, mata suka zo shafe ɗaki da farar ƙasa. Sai ga Yaya ya tare ƙofa.

"Ba mai taɓa kusurwar can! Uwar tautau na rungume da ƙwanta."

"Haba Yaya, ni ce fa mai jego!"

"Ke ɗaya kika haifa ana ta guɗa. Ita gari guda za ta zubo, ko kunun kanwa ba mai dama mata."

Haka aka yi suna, ɗaki fari tas, kusurwa ɗaya baƙa ƙirin.

Na Machina kuwa ba a magana. Ya ga rami a yashi, ya kwanta rub da ciki yana jiran mai gida ya fito. Jaki ya gaji, ya kamo hanya shi kaɗai. Da muka ga jaki ba mai shi, muka ce shi ke nan, kura ta yi aiki. Ana cikin zaman makoki sai ga mutum ya shigo buɗu-buɗu, riƙe da gora. Ya leƙa bayan ƙofa tukuna, sannan ya ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

Muka ce, "Kai!"

Ya ce, "To ku yi kukan a hankali, wanda ke cikin goran nan ba ya son hayaniya."

Da tsufa ya zo, idonsa ya mutu, ya dawo gidana a Gashuwa. Wata safiya na kwance huhun goron da jirgin ƙasa ya sauke a Nguru, sai wani tautau ya fito ya haye bango. Na ga ƙafarsa, na kau da kai. Yaya kuwa kunne gare shi, ya ji ƙarar gudunsa a kan ganye.

"Hauwa, faɗa mini ƙafarsa."

Na so in ce baƙa ce. Wa zai ƙaryata ni? Makaho ne, kuma layin nan kaɗai ya rage masa a duniya. Amma bakina ya ƙi.

"Da zane, Yaya."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ashe dariya yake yi.

"Ɗan banza, goro ya hawo! To ni mahaukaci ne, na amsa. Kawo fatar."

Ya laluba har ya sami Karasuwa, ya lashi yatsa ya shiga goge layin. Ya ce, "Mu ma kakanmu daga Haɗeja ya zo a bayan kaya, ba wanda ya ce ya koma. Ɗiga masa tawada, baƙo ne." Na ɗiga, ina dariya ina hawaye.

Bai ga wata damina ba. Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi baƙuncinsa yadda ya karɓi na wannan ɗan halitta. Amin.