Bandar Inna da Akwatin Ƙarfe

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, lokacin muna jihar Sakkwato, wata babbar mota ta shigo ƙauyenmu da ke bakin tafki kusa da Warra. Muna cikin gaɗa a filin makaranta muka watse muka bi ta, malaminmu ya yi ta kira har ya gaji shi ma ya biyo sahu. A bayanta an ɗaure wasu dogayen akwatunan ƙarfe masu ƙofa da sakata. Ma'aikatan da suka kawo su suka ce murhun banda ne na zamani, kyauta, don mata su huta da hayaƙi.

Kafin nan sun zo sau biyu, sun zauna da Sarkin Ruwa da su Baba, sun yi tambayoyi sun rubuta. To su Baba masunta ne, aikinsu ya ƙare da zarar kwalekwale ya taɓa gaɓa. A garinmu namiji ba ya banda, ba ya ma zuwa kusa da murhu sai in zai ɗauki na ɗanɗano. Amma baƙi sun tambaya, girma ya hana su cewa ba su sani ba, duk zanen da aka nuna musu sai su ce madalla. Masu aikin suna can cikin gida, ba wanda ya leƙa su.

Inna kuwa bandarta sananniya ce har kasuwar Yelwa. Murhunta na laka ne, da hannunta ta gina. Ni ke wanke tarwaɗa, in naɗe ta, in soke wutsiya da tsinke, ita kuma ta jera a kan ragar waya. Kwana uku take yi da ƙaramar wuta, tana juyawa, tana dafa kowane kifi da bayan hannu ta ji ko ruwa ya saura a cikinsa. Fatake masu kai kifi kudu sukan karya na kowa su duba ciki, na Inna kaɗai suke ɗauka ba karyawa. Da wannan take taƙama, ba ta da wani abin.

Da aka ce za a dawo ɗaukar hoto, Baba ya rushe murhun laka don akwati ya sami wuri. Inna ta leƙa cikinsa ta ce, "Malam, abin ga ruhe yake. Ta ina zan taɓa kihina?" Baba ya ce, "Ke dai, masu ilimi sunka yi shi. Kyauta ta, ba a kushe ta."

Kamun kifi ya yi albarka a makon, ta zuba duka a akwatin. Cikin wuni ɗaya kifi ya fito jawur, yana sheƙi, mata suka zo kallo, ni har rawa na taka. Ashe zafin ƙarfe ya ƙone baya ya bar ciki ɗanye. Bafatake ya ɗauki kwanduna bai karya ko ɗaya ba. Bayan mako biyu ya dawo, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya faɗa wa kowa cewa tsutsa ce ya kai kudu, ba kifi ba. Ya ɗauki kifin Inna a gaban mutane ya karya. Ina tsaye kusa da ita, a kan idona aka yi.

Ta sake gina murhun laka, amma kowa ya zo sai ya karya. Damina biyu ta jure, sannan ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Duk sanda na roƙe ta ta koya mini taɓin nan na bayan hannu sai ta ce, "Yi bokonki, ɗiyata. Wanga aiki ba ya da mai tambaya." Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu kifi ya ja baya a tafki, fataken ma sun ragu. Bara wasu 'yan mata suka zo da takardu, gida gida, suna tambayar mata irin murhun da suke so kafin a ƙera. Suka zauna a tabarmata da ladabi, suka ce in bayyana musu yadda Inna take gane kifi ya bushe. Na duba bayan hannuna. Mai amsar ta shekara tara a kabari.