Darasin da Na Riga Shi Koyarwa

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu ina koyarwa a wata elementare kusa da Limanti. Karatuna na boko aji huɗu ne, na huɗun ma kada a bincika. Amma ina da furfura. Shi ya sa da aka zaɓi abokin aikina, wani saurayi ɗan Konduga, zai tafi ƙaro ilmin koyarwa, babban malami ya ce ni zan yi masa jagora. Gurbi ɗaya tak aka ba mu. Sharaɗin kuwa, Baturen makaranta zai zauna a bayan aji ya ga yadda yake koyar da abin da yara ba su taɓa ji ba.

Wata biyu, kullum bayan la'asar sai ya kawo mini littattafansa. Ya karanta Turanci, ni kuma in shafa gemu in ce, "Ba laifi, amma ƙara dubawa." Abin da zai duba, Allah kaɗai ya sani. Mutum yana durƙusawa yana ce mini Baba Malam, ni kuwa ba ni da abin ba shi. Abin yana cina.

Ana saura kwana uku a yi wannan gwaji, saurayin ya tafi gida neman albarkar mahaifiyarsa, ya bar mini takardar darasinsa a kan Tafkin Chadi. Sai na tuna abu ɗaya da na iya, wato hadda. Na shiga ajinsa da bulala, na ɗura wa yaran darasin kaf, wai ni taimakonsa nake yi, ban gaya wa kowa ba.

Ranar gwaji ya ɗauki alli ya ce, "Yau za mu ji labarin wani tafki." Bai rufe baki ba ajin ya miƙe. Suka ɗauko daga farko da muryar tilawa, suna rangaji: koguna, kifi, jiragen ruwa. Ya ɗaga hannu su tsaya, suka ɗauka cewa yake su ƙara murya. Ina bakin taga ina kaɗa musu hula su daina. Da suka hango ni, suka zaci sun yi kuskure, sai suka koma farko. Shi kuwa ya ajiye allin, ya bar su suka kai ƙarshe.

Bature ya ce yara sun iya, amma bai ga malamin ya koyar da komai ba. Aka ba wani malami daban gurbin.

Washegari na je masaukinsa da ƙunshin busasshen kifi. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni kamar kullum. Sai na ce, "Amma dai ɗana, ka ga yaran nan ko kalma ɗaya ba su yar ba."

Ya ce, "Na gani, Baba Malam. Tun ba a haife ni ba kake koyarwa, ba ka taɓa sa wa yaro abu a ka ya zauna ba. Sai da za ka rushe ni ka iya aikin."