Tukunyar Alƙalamai ta Baba

Tsohuwar Baturiyar da nake wa shara a unguwar Sedgefield, nan ƙasar Turawa, ce ta ba ni ita, ranar da 'ya'yanta suka zo kai ta gidan tsofaffi. Wata 'yar tukunya ce doguwa mai nauyi, an zana mata duwatsu da reshen itace da ja da kore. Ta ce daga China mijinta ya kawo ta, ta fi shekara ɗari, malaman can a cikinta suke tsayar da alƙalamansu na gashi. Ni dai na karɓa ne don kunya. Me zan yi da tukunyar da ba a miya a cikinta?

Baba, mahaifina, shi ya raina mini hankali a kanta. Lokacin bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, yana zaune da mu a ɗan gidanmu na haya bayan babban titin Wendover, ba abokin hira sai ƙarar motoci. Da na faɗa masa aikinta, ya juya ta a hannu, ya ce, "Ke ba ki san daraja ba. Abin da ya riƙe alƙalamin masu ilimi ai ba kwanon banza ba ne."

A lokacin 'yata tana da shekara biyu da rabi, ba ta magana sai "Mama" da "ruwa". Abin yana cina, har na daina kai ta suna da biki saboda bakin mata. Baba ya ce rubutu zai buɗe mata harshe. Kullum da yamma zai rubuta ayoyi a allo, ya wanke a cikin tukunyar nan, ya matsa lemun tsami, ya sa zuma, ya rufe ta kwana. Da safe ya ɗora yarinyar a cinya ya ba ta. Kofunan roba kuwa ya ce ba su dace da sunan Allah ba.

Muka yi ta haka har sanyi ya wuce. Maimakon gaba sai baya: ciwon ciki, kuka ba dalili, "ruwan" ma ta daina faɗa. Baba ya ƙara yawan rubutun.

A asibiti aka ɗebi jininta, likita ta ce dalma ce ta yi mata yawa. Aka turo wata mata gidanmu, ta gwada bango da famfo da kwallin idona, ba komai. Sai ta hango tukunyar a gefen buzun Baba. Da ta gwada ta, ta ce tsohon fenti ne mai dalma, tsamin lemun ke narkar da shi cikin ruwan. Ta sa safar hannu, ta ɗaure ta cikin leda.

Baba ba ya jin Turanci, amma ya ga safar. Ya dube ni, ya ce, "Ita ce?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

"Za ta warke?"

Na faɗa masa abin da likita ta ce: dalmar za ta ragu, amma abin da ta riga ta ɓata ba lalle ya dawo ba. Na yi fushi da shi, wallahi na yi, amma kuma na tausaya masa. Kafin azumi ya ce a saya masa tikiti ya koma gida.

Yanzu yarinyar tana da shekara bakwai, tana ajin yara masu buƙatar taimako. Duk Juma'a Baba yakan kira, ya ce in ba shi ita. Nakan kara mata wayar a kunne, ta yi ta numfashi kawai. Daga can sai in ji muryarsa yana cewa, "Na ji ki, uwata. Na ji ki."