Ranar da Malam Ya Gaida Suri

Hanya biyu ce ke fita daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Sara. Ɗaya ta tudu, wadda mota ke bi. Ɗaya ta fadama, wadda ƙafa da kofato suka fitar tun ba a haife ni ba, faɗinta bai wuce tabarma ba. Ta fadamar ita ce tamu, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa.

Malam ɗan koli ne. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya sayar da bijimi ya sayo keke a Birnin Kudu, baƙi, mai kariyar ɗaukar kaya a baya da ƙararrawa. A kansa yake ɗaura gishiri da kanwa da sabulu da allura da zare, ya bi rugage da kasuwanni. Keken nan shi ne gonarsa, shi ne garkensa. Kafin ya karya kumallo sai ya goge shi.

A zamaninmu mai keke ba ya wuce babba yana bisa sirdi. Ko gangara yake, ko kaya sun yi masa nauyi, sai ya ja birki, ya sauka, ya gaisa, ya tura keken har ya ba da baya, sannan ya hau. In kuwa surukinsa ne, har takalmi sai ya cire ya durƙusa. Wanda bai yi haka ba, kafin la'asar gari ya ɗauka.

Aka yi shekaru. Kuɗin fetur ya shigo ƙasa, aka daina fam da sule, aka ce motoci su koma hannun dama, manyan motoci suka cika hanyar tudu. A lokacin ne Malam ya daina bin ta. Ni na ɗauka ƙarar ce ba ya so.

Wata rana da rani ya goya ni zan je duba Inna, ba ta jin daɗi. Iyayena kan sauka da shanu a bakin fadama kowane rani. Muna tafe, ba ka jin komai sai kukan jigo daga lambuna, da kirinjijiya a kan ruwa, da sarƙar keke. Sai Malam ya ja birki. Muka sauka. Ya rusuna ya ce, "Barka da hutawa, dattijo." Na duba gabas, na duba yamma. Babu kowa sai wani jan suri, tsayinsa kamar mutum a zaune.

"Malam," na ce, "ai suri ne."

Ya daɗe a tsugune bai tashi ba. Sannan ya gaya mini. Damina biyu ke nan idonsa na yin hayaƙi. Ya je asibiti a ɓoye, ya sa na ɗigawa, ya sa na gargajiya, abin sai gaba yake. Ya ce hanyar yana ganinta, fara ce a tsakiyar kore, kuma babu motar da za ta kwashe shi. Mutum ne ba ya rabe shi da kututture.

"Ranar da Yaya ya sani," in ji shi, "zai ɗauke keken ya ba ɗansa, don tausayi. A shimfiɗa mini tabarma a gindin tsamiya, a riƙa aiko mini da fura. Ke, ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na rantse.

Daga ranar na zama idonsa. Na ce wa mutane ƙafata ce ke ciwo, kuma man shanuna ya fi tafiya a Sara. Kayan koli suka koma gaba, ni na hau kariya, ƙwaryata a cinya, hannuna ɗaya riƙe da gefen rigarsa. In na ja dama, ya yi dama. In na dafa bayansa da tafi, rami ne ko taɓo. In na ƙwanƙwasa sau biyu, babba ne a gaba, sai in raɗa masa ko wane ne.

Mun sha tsiya. Akwai wani tsoho mai lambun albasa, abokin wasan Malam, ba ma wucewa bai yi magana ba.

"Kai ɗan koli! Wannan ta bayan ma ta sayarwa ce?"

"Ta fi ƙarfinka, tsoho. Ja jigonka."

"Yo da furfura ake amarci? Mu a zamaninmu mace tana baya da taku goma."

"Ai tana bayan," in ji Malam. "Takun ne ya ƙare."

Ni kuwa sai in ja mayafi in rufe fuska.

Na san hanyar nan kamar tsakar gidana. Daga giginya uku a gangara, a bi gefen tafki mai bado, inda zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya kamar an kafa shi. A wuce gonakin rake, a tsallake gadar itace a ƙafa, a kai jan suri, a sha kwana. A kwanar nan ciyawa ta yi tsayi, Malam kullum sai ya kaɗa ƙararrawa saboda jakai.

Rani na biyu abin ya faru, kuma laifina ne. Muna kusa da kwanar sai na hangi gauraka biyu a bakin ruwa suna rawa, su buɗe fukafukai, su yi tsalle, su rusuna wa juna. Tun ina yarinya ban sake ganin haka kusa ba. Na juya wuya ina kallo. Malam ya kaɗa ƙararrawarsa, muka sha kwana. Sai da gefen zanina ya shafi wata sanda sannan na waiga. Babana ne tsaye a bakin hanya, sandarsa a kafaɗa, ya ja da baya cikin ciyawa don ya ba mu wuri.

Ba wucewar kaɗai ba. An kaɗa masa ƙararrawa, kamar yadda ake yi wa jaki.

Na ƙwanƙwasa bayan Malam har hannuna ya yi zafi. Kafin mu sauka mu dawo, Baba ya shige cikin shanunsa, bai waiwayo ba.

Washegari aka dawo mana da kanwar da Malam ya aika wa garken Baba tun farkon rani, ko ɗaurinta ba a kwance ba. Saƙon da ya biyo ta gajere ne: a gaya masa shanuna sun ƙoshi. Malam ya je da kansa, ya cire takalmi tun daga nesa. Baba ya tambaye shi abu ɗaya: me ya hana ka sauka? Malam ya sunkuyar da kai. Baba ya juya masa baya. Inna ta aiko mini cewa ranar Juma'a Baba zai kai maganar gaban yayan Malam. Ni kuwa na san Yaya. Ba ya barin tambaya sai ya ga ƙarshenta.

Ranar Laraba da hantsi na tafi ruga a ƙafa. Na sami Baba yana cire wa wata saniya kaska. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Baba, na yi rantsuwa, bakina a ɗaure yake."

"To me ya kawo ki?"

"Gobe za mu wuce. Ka tsaya daura da jan suri, wajen ɗinyar nan. Kada ka yi motsi, kada ka yi tari. Ka duba kawai."

Ya dube ni ya daɗe. Ya koma kan kaskarsa.

Gobe ta yi. Tun daga gadar itace na hango farin rawaninsa a gindin ɗinya, hannun hagu, taku kamar ashirin daga surin. Na ƙwanƙwasa sau biyu.

"Wane ne?"

"Baba ne. Ga shi nan zaune, hannun dama."

Malam ya sauka. Ya miƙa mini keken, ya cire takalmansa, ya tafi gaban surin ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, kun tashi lafiya? Baba, na yi kuskure. Ku yafe mini don Allah. Ni ɗanku ne."

Suri bai amsa ba. Malam ya sake faɗa. Tururuwa ta fara hawa ƙafarsa, bai kaɗe ba. Ni ina riƙe da kan keke, na kasa ɗaga ido. Ban taɓa yi wa mutum abin da ya kai wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Sai na ga Baba ya zare takalmansa, ya riƙe a hannu. Ya taho a hankali ta cikin ciyawa kamar mai bin saniya mai tsoro, ya zagaya, ya tsuguna a jikin surin.

"Lafiya lau," ya ce. "Tashi. Ya wuce. Ka aiko mini da kanwata."

Muka hau, muka tafi. Muka wuce kwana. Sai can wajen gonakin shinkafa Malam ya ce, "Na ji ciyawa tana motsi daga hagu."

Na ƙara damƙe gefen rigarsa.

"Bakinki dai bai faɗa ba," in ji shi. Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Juma'a ta zo ta wuce, Baba bai je wurin Yaya ba. Ko Inna bai gaya wa ba. Amma daga ranar, in ya ji sarƙar keke daga nesa, sai ya ɗaga murya ya kira wata saniya da sunanta, ko da tana gabansa tana kiwo. Malam ya ji, ya ja birki tun ban taɓa bayansa ba, ya sauka ya cire takalmi.

Rani huɗu muka ƙara a hanyar. A na biyar, wata safiya a giginya uku, ya tsaya ya ce farin hanyar ma ya ɓace. Muka turo keken gida, ni a gaba, shi riƙe da sirdi. Ya goge shi, ya sa wa sarƙar mai, ya tura shi gidan Yaya da hannunsa.